Abin da Ke Yanke Karatu a Gidan Alhaji Abukari

Rauda ta jingine babur ɗinta da bishiyar darbejiyar da ke gaban shagon, ta shiga ba ta ko zare makulli ba. Masta Shamsudeen yana sunkuye a kan wata talabijin da ya kifa a bisa tsumma, hayaƙin dalma na tashi ta gefen kunnensa.

"Antire, Masta," ta gaishe shi da Dagbanci.

"Naa, Hajiya Rauda. Lafiya cikin wannan rana haka?"

"Ba lafiya ba. Bayan la'asar za su tafi da Mma Sanatu."

Ya ajiye ƙarfen da yake narka dalma da shi, ya juyo. Ya san gidan sosai. Mijin Rauda, Alhaji Abukari, mai sayar da hatsi ne, gidansa yana unguwar Choggu. Mma Sanatu yayar mahaifinsa ce. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye, shi ya sa bara Alhaji ya ɗauko ta daga ƙauye ya ba ta ɗaki kusa da madafa.

"Su tafi da ita ina?"

"Inda ake kai tsofaffin matan da aka ce mayu ne. Majeed ya riga ya yi magana da mai yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, zai kai su tasha."

Majeed ƙanen Alhaji ne, a gidan yake zaune da iyalinsa.

Rauda ta zauna a bakin benci ta ba shi labarin daga farko, ko da yake ya san rabinsa. Alhaji yana da wata tsohuwar amfilifaya, na'urar ƙara sauti mai nauyi, da ya saya ta hannu. Ya haɗa ta da sifikoki a falo, ya ja waya ya rataye wata a baranda. Kullum da rana idan ya dawo daga kasuwa yakan sa karatun Alƙur'ani daga wayarsa, maƙwabta ma suna ji. Tun da zafin bana ya shigo, karatun ya fara yankewa a tsakiyar aya. Makon jiya Alhaji ya kawo amfilifayar shagon nan. Shamsudeen ya buɗe ta, ya auna abin da ake aunawa, ya bar ta tana aiki wuni guda ba ta yi ko tari ba. Ya mayar masa ya ce babu abin da ya same ta.

"Maganarka Majeed ya riƙe," in ji Rauda. "Ya ce tun da mai gyara ya ce ƙarfe lafiyarsa lau, to ba ƙarfe ba ne, mutum ne. Kuma ya lura karatun ba ya yankewa sai tsohuwa tana falo."

"Haka ne kuwa?"

Ta dubi ƙasa. "Haka ne, Masta. Ni ma na gani da idona. Tun da maganar ta fita, kowa ya tuno wani abu. Ɗan Majeed ya yi zazzaɓi, sun ce ita ce. Wata maƙwabciya ta ce ta gan ta a mafarki. Jiya yara sun jefi ƙofarta da dutse. Matar da ke tsince mini tsakuwa daga shinkafa, tana goya mini yarinya idan na fita!"

Shamsudeen ya kashe wutar teburinsa. Ya zuba mita da sukurudireba da ƙarfen dalma cikin jaka, ya ja ƙofar shago, ya hau nasa babur ɗin ya bi bayanta. Daga Changli, unguwar da shagonsa yake, har Choggu magana ɗaya yake juyawa a ransa: shi ya ce babu abin da ya same ta.

Alhaji Abukari yana zaune a falo, carbi a hannu amma ba ya ja. Majeed yana tsaye a bakin ƙofa, waya a kunne. A tsakar gida, gaban ɗakin da ke kusa da madafa, an ajiye ƙunshin kaya da bokiti da tabarma a naɗe. Ƙofar ɗakin a rufe.

Bayan gaisuwa Shamsudeen ya ce, "Alhaji, na zo in sake duba amfilifayar nan. A nan inda take zaune."

Majeed ya sauke waya. "A'aha, Masta! Ba kai ka ce lafiyarta lau ba? Ko an biya ka ne ka canja baki?"

"Na ce ban ga komai ba a shagona. Ban gan ta a gidanku ba."

"To gidanmu wata ƙasa ce? Wuta ɗaya muke sha da Changli."

"Majeed," in ji Alhaji, ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya dubi Shamsudeen, idanunsa ja kamar wanda bai yi barci ba. "Duba, Masta. Amma ka sani an gama magana. Dangi sun yarda, unguwa ta tashi. Idan na bar ta a nan, ban san abin da matasa za su yi mata ba. Bayan la'asar mai yalo-yalo zai zo."

Amfilifayar tana cikin wani kabad na katako mai buɗaɗɗen baya, a gefen taga. Kusa da kabad ɗin akwai fanka mai tsayuwa tana juya kai dama da hagu, domin soket ɗaya suke sha. Shamsudeen ya durƙusa ya fara daga bango, kamar yadda yake yi kullum. Ya sa mita a soket, wutar ta ɗan yi ƙasa amma ba ta kai ta hana aiki ba. Ya girgiza filogi, bai yi sako-sako ba. Ya bi wayoyin sifika da yatsa tun daga bayan kabad har baranda, yana neman inda ɓera ya ci ko inda ƙofa ta matse, bai samu ba. Ya cire kowace waya ya auna sifikarta. Duk daidai.

"Yaya take yi idan za ta yanke?" ya tambaya. "Murya tana shaƙewa tukuna, ko gaba ɗaya take ɗaukewa?"

"Gaba ɗaya," in ji Rauda daga bakin labule. "Sai ka ji tak, shi ke nan. Koriyar wutar ta koma ja."

Wannan ya gaya masa wani abu. Irin wannan amfilifaya tana da mai gadi a cikinta. Idan ya ji abin da bai yarda da shi ba, sai ya cire sifikoki da wani ɗan maɓalli mai ƙara tak, don kada komai ya ƙone. Wayar da ta haɗe takan sa shi yin haka, ko wuta marar kyau da ke neman fita zuwa sifika, ko zafi. Ya riga ya wanke wayoyi daga laifi. Ya jawo amfilifayar waje, ya kwance murfi, ya kunna, ya auna mafitar sifika ta dama da ta hagu. Allurar mita ba ta motsa ba. Ya juya sukurudireba ya riƙa ƙwanƙwasa allon ciki da ƙotarta a hankali, wuri bayan wuri, ko akwai dalmar da ta tsage. Muryar mai karatu ba ta ko girgiza ba.

"Ka gani ko?" in ji Majeed. "Buga ta da guduma ma idan kana so."

Saura zafi. Shamsudeen ya mayar da murfi, ya tura ta mazauninta, ya ce Alhaji ya ɗaga muryar karatun yadda ya saba. Suka zauna suna ji. Bayan wani lokaci ya ɗora tafin hannu a kanta. Ɗumi ne kawai, irin na goshin mai lafiya. Kuma zafin falo ɗaya ne, ko tsohuwa tana ciki ko ba ta ciki. Inuwar katanga ta fara miƙewa a tsakar gida.

"Da ta shigo nan take yake yankewa?"

"Sai ta zauna ta ɗan jima," in ji Alhaji.

"Idan ta fita fa?"

"Can an jima sai ya dawo da kansa," in ji Majeed. "Ba mai taɓa komai. Masta, kai ma Musulmi ne. Me zai sa maganar Allah ta tsaya don mutum ya shigo, ta ci gaba don ya fita?"

Shamsudeen ya dubi ƙofar ɗakin da ke kusa da madafa. Abu ɗaya ya rage masa, kuma yana tsoronsa. Ya ce, "A kira ta. Ta shigo yadda ta saba shigowa, kowa ya yi abin da ya saba yi."

Rauda ta daɗe a ƙofar ɗakin tana lallashi kafin ta buɗe. Mma Sanatu ta fito tana dafa bango, ƙaramar mace, ta yafa zane mai kauri duk da zafin. Ta tsaya a bakin falo ta yi sallama da muryar da da kyar ake ji. Ba wanda ta kalla. Alhaji ma bai kalle ta ba, kwanaki ke nan ba ya iya haɗa ido da ita. Amma tana sa ƙafa a ciki, hannunsa ya miƙa gefe ya danna maɓallin fanka. Fankar ta yi ta rage gudu har ta tsaya. Labulen taga ya daina motsi.

Shamsudeen ya kalli fankar, ya kalli buɗaɗɗen bayan kabad ɗin da take hurawa duk lokacin da ta juyo hagu.

"Alhaji, me ya sa ka kashe fanka?"

Alhaji ya dubi hannunsa kamar na wani ne. "Iskarta tana shiga gwiwoyinta. Kwana take yi ba barci. Ai ba a barin fanka a kan babba mai ciwon ƙashi."

"Kullum haka kake yi?"

"Duk wanda ke kusa yana yi. Har yara sun sani."

"Idan ta fita kuma?"

"Sai a kunna mana, wa zai zauna cikin wannan zafi?"

Tsohuwa ta riga ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa, ta miƙe ƙafafu. Karatu na tafiya. Shamsudeen ya gane cewa idan ya bari ya yanke yanzu, tana zaune a nan, ba wani bayani da zai shiga kunnen kowa. Ya yi tsalle ya kashe amfilifayar da hannunsa.

"Kun gani!" Majeed ya shigo tsakiyar falo. "Ya kashe kafin ta kashe! Rufa mata asiri ya zo yi!"

"Saurara, Majeed. Akwai wata ƙaramar fanka a cikin akwatin nan. Ba ta juyawa sai ƙarfen ciki ya yi zafi. A shagona na bar ta a buɗe, da ƙaramar sifika, ba ta yi zafin da za ta nemi fankar ba, ni kuma ban gwada ba. Ina jin ta mutu. Fankar falo ce ke yi mata aiki. Da an kashe ta saboda Mma, sai zafi ya taru, mai gadi ya yanke."

"Kana jin. Makon jiya ma ji ka yi."

"Gaskiyarka. Saboda haka kada ka yarda da bakina. A fitar da Mma daga gidan nan, a kai ta nesa. Kai ka zaɓi wurin. Mu kashe fanka mu zauna. Idan karatu ya yanke ba ta nan, ka ga ba ita ba ce."

"Idan bai yanke ba fa?"

"Idan bai yanke ba, ba ni da abin cewa."

Majeed ya yi murmushin da ba na daɗi ba. "Unguwar Kalpohin. Gidan yayar Rauda. Kuma idan sun isa a kira ni da bidiyo in gan ta da idona."

Alhaji ya gyaɗa kai. Da Rauda ta gaya wa tsohuwa da Dagbanci cewa za su hau babur, sai ta dubi ƙunshin kayanta da ke tsakar gida, ta dubi ɗan ƙaninta.

"Abukari, idan tafiyar ce ke nan, ka faɗa mini. Kada a yi mini wayo kamar akuya."

"Ba ita ba ce, Mpiriba," ya ce, yana kiranta yadda Dagomba ke kiran 'yar'uwar uba. Ita ba ta nuna ta yarda ba. Rauda ta taimaka mata ta hau, ta ce ta riƙe ta da kyau, suka fita.

Shamsudeen ya kunna amfilifayar. Ya tabbatar murfi a rufe yake, kabad yana inda yake, murya a inda aka saba. Fanka a kashe. Suka zauna su uku.

Zafi ya sauko daga kwanon rufi ya cika ɗakin. Rigar Alhaji ta manne a ƙirjinsa. Majeed yana fifita da murfin kwali, sai Shamsudeen ya roƙe shi ya matsa nesa da kabad, ya matsa yana tsaki. Can wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗaga, ya ga Mma Sanatu zaune a kan kujerar roba a wani tsakar gida mai shuke-shuke, hannuwanta a cinya. Ya kashe ya ajiye.

Mai karatu ya gama sura ya shiga wata. Shamsudeen ya taɓa murfin. Ya fi ɗazu zafi, amma hannu yana iya zama a kai. Ya fara lissafi a zuci, lissafin kuma bai yi masa daɗi ba. Ya bar ta a buɗe ɗazu, ya kuma kashe ta, ta huce sosai. A ranakun baya takan yi aiki tun azahar kafin tsohuwa ta shigo, da ɗuminta a jiki. Yau daga sanyi ta fara. Bai san tsawon lokacin da za ta ɗauka ba. Bai ma tabbata fankar cikin ta mutu ba. Idan tana da rai, yanzun nan za ta tashi da kanta ta huce komai, karatu ya yi ta tafiya har dare. Ya kasa kunne kusa da ramukan murfin. Bai ji motsi ba.

Ƙwan lantarkin da ke saman ƙofa ya dushe ya yi ja. Dukansu suka ɗaga kai. Idan aka ɗauke wuta yanzu, gwaji ya mutu, kuma ba wanda zai jira a dawo da ita. Ƙwan ya yi rawa, ya yi rawa, ya dawo da haskensa.

A waje aka ji ƙarar keke mai ƙafa uku ya tsaya, aka danna ham.

"Ga yalo-yalo nan," in ji Majeed. Ya leƙa ta taga. "Ina zuwa, ɗan'uwa! Juya kan keken tukuna!" Ya dawo ya tsaya a kan Shamsudeen. "Masta, har yaushe? Motar ƙarshe ba ta jiran kowa. Ga shi tana Kalpohin, ga karatu yana zuba kamar ruwa. Me kuma kake so mu gani?"

"Ɗan ƙara haƙuri."

"Haƙuri muke yi tun farkon zafi. Ɗana ya kusa mutuwa."

"Na sani. Allah ya ƙara masa lafiya. Ɗan ƙara kaɗan."

Sai ladanin masallacin unguwa ya ɗaga murya da kiran la'asar. A gidan Alhaji ba a taɓa barin karatu yana tafiya a kan kiran salla ba. Hannunsa ya nufi wayar da ke haɗe da amfilifaya.

"Alhaji, don Allah," in ji Shamsudeen. "Idan ka tsayar yanzu za ta huce. Sai mu koma farko, kuma babu lokacin komawa farko."

"Yaya, kira ake yi," in ji Majeed. "A baranda ma ana ji. Mutane za su ce me?"

Hannun Alhaji ya tsaya a sama da wayar. Ya dubi ƙanensa, ya dubi ƙofar ɗakin da ke kusa da madafa, wadda aka bari a buɗe. Ya janye hannun ya ɗora a gwiwa, ya fara amsa kiran a hankali, leɓɓansa kawai ke motsi. Da ladan ya gama ya ce, "Allah yana ganin dalili. Zauna, Majeed."

Majeed bai zauna ba. Aka ji takun mutane suna wucewa zuwa masallaci, wani ya rage tafiya a saitin baranda sannan ya wuce. Mai yalo-yalo ya sake danna ham, dogo. Shamsudeen ya kai hannu kan murfin, ya janye da sauri. Wani wari mai kama da na ƙarfen guga ya fara tashi. Yanzu kuma wani tsoron ya kama shi: idan mai gadin ya makara, abin da ke ciki zai ƙone, hayaƙi ya tashi, kuma ya san yadda za a fassara hayaƙi a gidan nan. Ya sa yatsa kusa da maɓallin kashewa, bai danna ba. Aka tayar da iƙama a masallaci.

Tak.

Muryar ta ɗauke a tsakiyar aya. Koriyar wuta ta koma ja. A cikin shirun suka ji liman ya yi kabbara.

Shamsudeen ya ce, "Majeed, zo ka taɓa." Majeed ya zo ya ɗora yatsu, ya fizge su ya kai baki. "Yanzu kunna fankar da hannunka." Ya kunna. Fankar ta juya dama, ta juya hagu tana hura bayan kabad. Suka tsaya suna kallon jar wutar. Ta daɗe. Sannan tak, ta koma kore, mai karatu ya ci gaba daga can gaba inda wayar ta kai.

Alhaji ya rufe fuska da tafukansa. Shamsudeen ya juya ya shiga tattara wayoyin mitarsa don kada ya kalle shi.

Sun yi la'asar a baranda su uku. Bayan sallama Alhaji ya fita da kansa ya sallami mai yalo-yalo, ya kira Rauda ya ce su dawo. Shamsudeen ya zare filogi, ya jira ƙarfen ya huce, ya kwance murfi. Ya nuna musu wani ɗan abu kamar maɓallin riga, manne a jikin babban ƙarfen da ke shan zafi. Shi ne ke tayar da ƙaramar fanka. Ya ɗora masa bakin ƙarfen dalma mai zafi, ya sa mita. Allura ba ta motsa ba. Ya cire shi, ya haɗe wayoyinsa biyu da dalma, ya rufe da tef. Da ya kunna, ƙaramar fankar ta yi gurnani ta tashi, ta feso tsohuwar ƙura a fuskar Majeed.

"Yanzu za ta riƙa juyawa kullum, har in samo sabo," in ji Shamsudeen.

Majeed ya goge ido. "To shi wannan ɗin wa ya kashe shi?"

"Tsufa. Akwatin nan ya yi aiki a gidan wani a ƙasar waje tun kana rarrafe."

Majeed ya juya ɗan maɓallin a tafinsa, ya ajiye a kan kabad, ya fita zuwa sashensa.

Rana ta yi ƙasa lokacin da babur ɗin Rauda ya shigo. Mma Sanatu ta sauko da kyar. Alhaji ya tare ta a tsakar gida, ya cire takalma ya durƙusa a gabanta yadda ake yi wa manya, ya yi mata bayani duka da Dagbanci, ya nemi gafara. Ta saurara har ya gama. Sannan ta juya ga Shamsudeen da Hausarta ta kasuwa.

"Kai ne mai gyara?"

"Ni ne, Mma."

"Allah ya yi maka albarka. Gidan nan akwai firji. Akwai babur. Akwai yara, yara kuma suna zazzaɓi. Idan wani ya lalace gobe, za ka zo?"

"Firji zan iya zuwa, Mma. Sauran ba aikina ba ne."

"Na sani." Ta dubi ɗan ƙaninta da ke durƙushe. "Abukari, ku uku kuka gani. Waɗanda suka jefi ƙofata ba su gani ba. Matar da ta yi mafarki ba ta gani ba. Ba zan kwana a ɗakin nan ina jiran dutse ba. Inda maganar ta kai, can za ka bi ta da ƙafarka."

"Zan bi ta, Mpiriba."

"Yau."

Da aka kira magariba, Alhaji ya roƙi Shamsudeen ya tsaya su yi salla tare. Ya aika a kira Majeed, matarsa ta ce ya fita. Suka tafi su biyu. Masallacin ya cika, har da matasan da ke zama a bakin gareji, waɗanda suka bi Alhaji da ido tun daga ƙofa.

Liman ya yi sallama, aka yi addu'a, mutane suka fara neman takalmansu. Alhaji Abukari ya miƙe a sahun gaba ya juyo ya fuskance su.

"Jama'a, ku ɗan dakata. Kun ji wata magana a kan uwata Sanatu, kuma daga gidana ta fito. Ƙarya ce, ni na bari ta fito. Ku zauna in gaya muku abin da na gani yau, ga mai gyara nan, duk mai tambaya ya yi."

Wasu matasa biyu da ke bakin ƙofa suka sa takalma suka fita. Sauran suka dubi liman. Liman ya gyara zama ya ce, "Muna jin ka, Alhaji." Mutane suka koma suka zauna.